Injin da Na Fasa Ƙerawa

Da aka ce mu kawo taken furojet, wallahi kaina babu komai. Wani dare a hostel ina latse-latsen YouTube, sai ga wani dattijo Ba'amurke a garejinsa yana sake cika kwanson harsashi da wani ɗan inji da ya ɗaure a benci. A can doka ta yarda mutum ya yi haka don amfanin kansa, mafarauta da masu gasar harbi kuma sun riƙe shi abin sha'awa.

Ni ɗan mekanikal ne, dole injin ya burge ni. Ba ya buƙatar wuta, mariƙi ne kawai za ka ja ya tura sanda sama da ƙarfi. Akwai mai aiki ɗaya a kowane ja, irin Rock Chucker na RCBS, wanda ake son sabon shiga ya fara da shi don ya ga kowane mataki da idonsa. Akwai kuma irin na Dillon mai haɗa ayyuka da yawa, kowane ja harsashi guda ya faɗo. Yana da sauri, amma kuskure ma da sauri yake wucewa, kuma in albarushi ya yi yawa bindiga na iya tarwatsewa a hannun mai ita.

Na zana shi tsaf, da na je hutu har na nuna a majalisarmu ina cika baki. Kwana uku sai ga wani mutum da ban taɓa gani ba yana sallama da ni. Kuɗin da ya ce zai bayar in na ƙera masa sun ninka kuɗin makarantata, ga shi ko rajista ban gama biya ba. Gaskiya zuciyata ta raya min.

Na gaya wa kawuna, tsohon mafarauci. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, ka tambaye shi me zai harba?" Ban tambaya ba. Garinmu kuwa ba a yi shekara ba da muka binne mutanen da 'yan bindiga suka kashe a gona.

Daga baya na duba: Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba tare da lasisi ba. Wanda yake son wannan fanni, ga DICON a Kaduna tun 1964.

Na yaga zanen. Furojet ɗina yanzu injin matsar man gyaɗa ne, kuma lissafin mariƙinsa daga wancan na ɗauko. Ragowar rajistar kawu ne ya sayar da akuya ya cika min.