Ranar da alkama ta zama abar gudu

Wata baiwar Allah a unguwar Abatuwa ta Jos ta daɗe tana fama da gudawa da rama, kafin likita ya gano ciwon siliyak ne, watau sinadarin gulutin na cikin alkama ke ɓata mata hanji. Tun 1950 wani likitan Holan, Willem Dicke, ya nuna laifin alkama, kuma maganin dai shi ne ƙaurace mata har abada.

To, sai ta yi sallama da burodi da taliya, ta koma ga gwaten acca da dankalin Bokkos. Abin da ya fi damunta shi ne alkakin biki, don in ta mayar, maƙwabta su ce girman kai ne. Yanzu takan karɓa da godiya, ta ba 'ya'yanta.