Baƙin Ruwa da Duniyar da Nake Ginawa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan magana ba ta tsaya kan mai guga kaɗai ba. Ta shafi har marubucin da ya zauna zai ƙagi duniyar da ba a taɓa yi ba. Kafin ya naɗa sarki, kafin ya rataya wa jarumi takobi, akwai tambayar da ta riga su duka: me mutanen wannan duniya suke ci, kuma wane ne yake riƙe da sirrin samuwarsa? Gari ba ya kafuwa sai an sami rarar hatsi, sarauta kuma ba ta tsayuwa sai akwai rumbun da za a tsare. Saboda haka duk labarin da aka sa sihiri a cikinsa, in dai marubucin yana son a gaskata shi, wajibi ne sihirin ya fara bi ta gona kafin ya isa fada.

Shekara biyu ke nan ina gina irin wannan duniya, tun da na kammala digirin farko a fannin labarin ƙasa na dawo gida Birnin Yauri. Adabinmu ba baƙo ba ne ga abubuwan al'ajabi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda gasar rubutu ta 1933 ta haifar, cike suke da aljannu da ƙasashen mamaki. Sai dai a cikinsu al'ajabi abu ne da matafiyi kan tarar a hanya, ya riƙe baki, ya wuce. Abin da nake nema daban ne: al'ummar da al'ajabi shi ne tuwonta na kullum, wadda shukarta da girbinta da aurenta da harajinta duk suka rataya a kansa. Ban je nesa neman tubalin ginin ba, domin Kuwara tana bakin ƙofarmu.

Wanda bai zauna a wannan yanki ba zai ɗauka kogi sau ɗaya yake cika a shekara, lokacin damina. A nan kuwa sau biyu ne. Cikar farko ita ce farin ruwa, wadda kan zo daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman ƙasarmu ne da na maƙwabta, gurɓatacce, ɗauke da laka. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, kuma a nan mamakin yake. Daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da ciyawa, leɓɓa suka tsage, sama ba ta da ko ɗigon hadari, sai kogi ya sake tasowa da ruwa garai-garai, mai duhu saboda tsabtarsa. A aji an koya mana dalili: ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, ya shiga babbar fadamar Masina a ƙasar Mali, ya bazu, ya yi watanni yana jan jiki, ya sauke lakarsa, sannan ya iso mana bayan damina ta daɗe da yin sallama. A wajajen wannan fadama ne kuma manoman farko suka mai da shinkafar daji ta zama shinkafar gida ta Afirka, kimanin shekara 3,000 da suka wuce.

To, amma mu ɗauki mutumin da ya rayu a kan gungu shekaru ɗaruruwa kafin a zana taswira. Bai san Gini ba, bai san Masina ba. Abin da ya gani shi ne ruwa yana zuwa ba tare da girgije ba. Wane suna zai ba wannan abu?

Kakata ta wajen uwa Bagungiya ce, an haife ta a wani gungu da yau yake ƙarƙashin tafki. Ranar da na kwashe bayanin Gini da Masina na zuba mata, sai ta yi murmushi ta ce, “Angona, ku kun san inda ya fito, mu kuwa mun san ranar zuwansa. Wanda ya san ranar, shi ke cin albasa.” Ta bayyana mini cewa mai lambu in ya yanka fangalinsa ƙasa da yawa, baƙin ruwa zai haɗiye shi, in ya yi sama da yawa, zai ƙare rani yana jigilar ruwa da ƙwarya har ƙugunsa ya ƙage. Akwai dattawan da kan duba tsayin Kaza da 'Ya'yanta a sama, su duba launin ruwa da irin kifin da ya fara shiga koma, su ce, “A nan zai tsaya.” Kuma mutane kan bi.

Daga wannan magana na fahimci cewa abin da mutanen farko za su kira sihiri, a gindinsa sanin lokaci ne, kuma mai wannan sani ba ya daɗewa yana talaka. Haka aka yi a tsohuwar Masar, inda ake auna tashin kogin Nilu a kan matakalar dutse, a kuma yanka haraji gwargwadon cikarsa. Haka nan a ƙasar Hausa ba banza aka sami Sarkin Noma da Sarkin Ruwa ba. Sarautu ne da suka tsiro daga hannun da ya iya, tun kafin rawani ya hau kansu.

A duniyar da nake ginawa, wadda na kira Gungu Tara, na ɗauki wannan gaskiya na matsa ta gaba taki ɗaya. A can kogi ba ya tasowa da rani sai an kira shi, kuma zuriya guda ce ta iya kiran. Na kafa wa kiran dokoki uku, na kuma hana kaina karya su ko da labari ya matse ni.

Dokar farko ita ce babu kira kyauta. Duk lokacin da mai kira ya tsaya a bakin gaɓa ya ta da ruwa, sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya sani yakan goge daga zuciyarsa har abada. Yakan fara da na nesa, abokan ciniki da maƙwabta, sannan ya matso. Tsohon mai kira yakan ƙare yana zaune a ƙofar gida, 'ya'yansa na gaishe shi yana amsawa kamar yadda ake amsa wa baƙi. Da na kafa wannan doka, sai al'ummar ta fara gina kanta. Dole a sami masu riƙe wa mai kira sunayen da ya rasa, sai aka sami maroƙa. Da sunaye suka yi wa ƙwaƙwalwa yawa, sai aka fara ƙulla su a igiyar koma, kowane gida da irin ƙullinsa. Daga ƙulli aka koma tsaga a bayan ƙwarya. Ta haka rubutu ya samu a Gungu Tara: ba don ciniki ba, ba don yabon sarki ba, sai don tsoron mantuwa.

Doka ta biyu ita ce kira ba ya halittar ruwa, karkato shi kawai yake yi. Abin da ya cika fangalin wannan gungu, an rage shi ne daga na wancan. Wannan ita ta haifi siyasa. Gungayen sama da na ƙasa sai sun zauna sun raba kwanakin kira; sai an yi auratayya don ƙulla amana; sai an ajiye 'ya'yan juna a matsayin jingina. Shekarar da wani ya yi kira a ranar da ba tasa ba, kwale-kwalen yaƙi ne za su fita. Mutanen tudu kuma, waɗanda ke noman dawa da gero da ruwan sama, ba sa bukatar mai kira, don haka ba sa tsoronsa. Suna kawo hatsi su karɓi kifi da albasa, suna yi wa mutanen ruwa kallon bayin kogi. Ban ƙagi wannan musaya daga iska ba. Ita ce tsohuwar hulɗar da ke tsakanin masu zaman ruwa irin Gungawa da Sarkawa da manoman tudu irin Kambari, wadda har gobe ana ganin sauranta a kasuwannin Ngaski da Shanga da Yelwa.

Doka ta uku ita ce mai kira ba ya mulki. Mutumin da ke mance sunaye ba zai iya yanke hukunci tsakanin mutane ba. Saboda haka iko ya faɗa hannun mai tsaron rumbu, wanda ke ciyar da mai kira da iyalinsa, yana kuma lissafin dami. Jikansa ne ya fara kiran kansa sarki, tattaɓa-kunnensa ya zagaye rumbunan da ganuwa. Duk lokacin da na bi ta gefen abin da ya saura na ganuwar Birnin Yauri, garin da Richard Lander da ƙanensa John suka tarar babban birni a 1830, kafin sarauta ta koma Yelwa a 1888, nakan tuna cewa ba a gina katanga irin wannan sai da tuwon da wani ya noma.

Wata rana malamina na zaure ya ji labarin abin da nake rubutawa, ya ce, “Ɗana, duk ilimin da Allah ya ba ka, sai tsafi ka ga dama ka rubuta?” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, sihiri haramun ne, ba na koyar da shi, ba na kuma kira gare shi. Misali ne kawai, kamar yadda ba wanda ya taɓa jin tatsuniya ya fita neman gidan Gizo.” Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, “To, ka tabbata mai karatu ya ga abin da yake ci wa mai shi.” Wannan nasiha ta zo daidai da dokar farko, na kuma riƙe ta hannu biyu.

Babin da ya fi yi mini nauyi shi ne na ƙarshe, domin tarihi ya riga ni rubuta shi. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge da gungaye masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka mai da su sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti. Madatsar ta kawo wutar lantarki ga ƙasa, ta kawo kamun kifi mai yawa, kuma ba mai musun wannan. Amma daga wannan shekara, tashi da saukar ruwa a bakin gaɓarmu ya koma bin buɗewa da rufewar ƙofofin ƙarfe. Baƙin ruwa bai daina zuwa ba, sai dai yakan shige cikin tafki ba sallama. Dattijon da ke duba taurari ya ce “a nan zai tsaya” ya wayi gari da ilimin da ba mai saye.

A Gungu Tara ma wani sarki zai zo ya gina bango ya tsare kogi, ya huta da masu kira. Talakawa za su yi murna, kuma suna da gaskiya, domin ba sauran uban da zai mance ɗansa saboda albasa. Tambayar da labarin zai bar wa mai karatu ita ce: ina za a kai igiyoyin sunaye? Wane ne zai ci gaba da karanta ƙullin da aka yi don mutanen da suka ba da zukatansu gari ya ci?

Wannan tambaya ba ta mutanen takarda ba ce kaɗai. Waɗanda suka san gungayen da idonsu yanzu sun haura shekara sittin, kuma kowace damina tana tafiya da wasu. Harshen Gunganci yana ja da baya a bakin yara, Hausa tana maye gurbinsa. Ana yin bikin Rigata, kwale-kwale na tsere, ganguna na tashi, amma tsere ba ya gaya wa yaro inda kakansa ya yanka fangali. Littafin tarihi zai adana shekara da adadi. Abin da ba zai iya adanawa ba shi ne yadda zuciya ke bugawa idan mutum ya ga ruwa na tasowa a tsakiyar hunturu. Wannan sai ƙagaggen labari.

Shi ya sa nake kira ga 'yan'uwana matasa masu sha'awar irin wannan rubutu da kada mu yi aron dusar ƙanƙara da dodannin wasu ƙasashe alhali namu al'ajabin na kwance a bakin gaɓa. Mu zauna gaban tsofaffi tun suna nan, mu tambaye su yadda ake sanin ranar shuka, da wanda ke fara sa fartanya a ƙasa, da abin da ake yi in ruwa ya ƙi. Kowace amsa tubali ce. Ni dai na ɗauki nawa ƙullin: duk gungun da kakata ta ambata, na ba shi wuri a taswirar Gungu Tara, a inda ruwa ba zai sake kai masa ba.