Wayar hambirki: a cire ta, kada a yanke ta

1/ Direbobin Golf na layin Kusada zuwa Kankiya, wannan zaren naku ne. Gyaran mota nake yi, kuma babu aikin da ke haɗa ni gardama da direba irin na wayar hambirki. Da ta maƙale, sai ka ji an ce "yanke ta kawai." Ni kam ba na yankewa.

2/ Me ke sa ta maƙale? Wayar tana tafiya ne cikin kube, a ƙarƙashin mota. In robar kuben ta tsage, ruwan damina da laka su shiga, tsatsa ta kama. Rani ya zo, ƙura ta ƙarasa aikin. Ka sauke hambirki, wayar ta ƙi komawa.

3/ To shu ɗin baya na nan manne da duram kana ta gudu. Mota ta yi nauyi, ta sha fetur, duram ya ɗau zafi har giris ɗin boris ya narke. In ka tsaya a Gidan Mutum Ɗaya ka ji tayar baya ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi, ka zarge ta.

4/ Ga yadda nake cire ta a Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1991 amma har yau take ɗaukar mu da buhunanmu. Fili mai lebur. Sa giya ɗaya, tokare tayoyin gaba. Ɗaga da jak, sannan a sa gungume. Ba a shiga ƙarƙashin mota kan jak kaɗai.

5/ Daga cikin mota ake farawa, ba daga taya ba. Sauke hambirki, ɗaga murfin da ke gindinsa. Wayoyi biyu ne, ta dama da ta hagu, kowace da notinta. Sassauta su da sufana mai lamba 10. Matuƙar wayar na ɗaure, wahalar banza za ka sha a baya.

6/ Cire taya, cire hular tsakiya, zare ɗan fil ɗin da ke kulle noti, kwance notin, fito da wasa da boris. Ajiye su kan tsumma mai tsabta. Yashin Kusada in ya shiga boris, ka sayi sabo.

7/ Duram ya ƙi fitowa? Ajiye gudumar nan. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da weji da ke buɗa shu. Zura sukundireba ta ramin notin taya, ka tura shi sama. Shu zai saki, duram ya biyo hannunka salin-alin.

8/ Kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya, ɗauki hoto da wayarka. Kuma gefe ɗaya ake yi a gama, ɗayan ya zame maka madubi. Maigidana da ya koya mani aiki, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin mu buɗe biyun tare ba.

9/ Abu biyu da nake hana yarana: hura ƙurar duram da baki, don wasu shu ɗin na da asbestos mai lalata huhu, jiƙaƙƙen tsumma ya isa. Sai taka birki alhali duram na waje. Fistin zai fito, mai ya zube.

10/ Kan wayar na saƙale da wani ɗan hannu a jikin shu na baya, da sifirin a kanta. Ja sifirin ɗin baya da filaya, kan ya fita daga ƙugiya. Sai ka zare kuben daga farantin baya, ka ɓalle maƙalan da ke jikin gatari, ka jawo ta. Shi ke nan.

11/ Wata Asabar wani dattijon direba ya zo, gobe yana da lodin kasuwar Charanci. Ya ce, "Yaro, datse ta mu huta. Ga dutse Allah ya ba mu kyauta." Na ce mashi, "Baba, ai dutse ba ya bin ka cikin mota."

12/ Dutse na riƙe motar da ta riga ta tsaya. Birkin ƙafa da mai yake aiki. Ranar da man ya tsiyaye kana tafe da mutane da awaki a but, wayar nan ce ta rage maka, don ita ba ruwanta da mai. Ka danne maɓallin, ka riƙa ja a hankali kana rage giya. Fizga ɗaya, baya ya kulle, mota ta juya.

13/ Ya ce sabuwa sai an aiko daga Ƙofar Ruwa, lodi ba zai jira ba. Gaskiyarsa ce, kuɗin cefane ne. Na ce in zare tsohuwar in wanke, in ta motsa a mayar kafin sabuwa ta iso. Ya ƙi, ya ja motarsa ransa a ɓace. Na rasa aikin ranar. Har yanzu muna gaisawa a masallaci, amma bai sake kawo mani mota ba.

14/ In an sa maka sabuwa, kada ka biya sai an gwada gabanka. A taka birki sau da yawa don shu ya zauna. A ja hambirki, tayoyin baya biyu su ƙi juyawa. A sauke, su juya babu gogayya. In ɗaya ta riƙe ɗaya ta saki, aiki bai ƙare ba.

15/ Ku kuma fasinjoji, in kun ga yaron mota na neman dutse duk inda aka tsaya, kun san abin da babu a motar. Ku tambayi direba, ba rashin kunya ba ne. Allah ya kai kowa gida lafiya.