Dokin Ƙarfen Baba

Masu iya magana kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To amma a gidanmu an yi wajen wata biyar ana fushi da ita, kuma ba kowa ke wannan fushi ba illa mahaifinmu. A ƙarshen shekarar 2023 likita ya auna shi ya ce yana da hawan jini, ya rubuta masa magani, ya ce ya rage gishiri, ya kuma riƙa motsa jiki. Magani kam Baba yana sha, gishiri kuwa Umma ta rage shi a tukunya ko yana so ko ba ya so. Motsa jikin ne ya gagara. In an yi masa zancen sai ya ce, "Ni da na yi shekara da shekaru ina tuƙa keke da buhun dankali, yau ni za a koya wa motsa jiki?" Daga nan sai ya shiga mota ya nufi kasuwar Farin Gada, ya zauna a rumfa tun safe har La'asar.

Abin da nake son in ba 'yan uwana ɗalibai labari shi ne yadda wata Asabar da Lahadi, a bazarar 2024, 'yan makonni bayan Ƙaramar Sallah, suka sauya wannan al'amari.

Wani abokin karatuna, ɗan ƙabilar Afizere waɗanda muke kira Jarawa, ya daɗe yana damuna da mu je mu hau duwatsun Shere. Waɗannan duwatsu suna gabas da Jos, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar gari, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, alhali garin kansa yana kan kimanin mita 1,200. A Jos aka haife ni, kullum ina hangen su, amma ban taɓa taka su ba. Da na nemi izini a gida Umma ta ce atafau, domin tun rikicin watan Satumba na 2001 iyayenmu mata ba sa son ɗa ya yi nisa da unguwarsu. Sai da abokin nan nawa ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Mama, ni zan kai su, ni zan dawo miki da su," sannan ta haƙura, har ta bar autanmu ya bi mu. Shi kuwa Baba tambaya ɗaya ya yi: "Me za ku ɗauko a can, itace ko ciyawa?" Na ce ba komai. Ya ce, "To wannan shi ake kira yawon banza."

Ranar Asabar muna idar da sallar Asuba muka kama hanya. Keke Napep ya sauke mu wajen dam ɗin Lamingo, daga nan muka ci gaba da ƙafa. Ruwan farko ya riga ya sauka, ƙasa na ƙamshi, ciyawa ta fara leƙowa tsakanin duwatsu, manoma na ta gyaran gonakinsu da ke kewaye da shingen ƙerana. Sa'a ta farko ina ta zuba surutu. Da hawa ya yi hawa sai na yi tsit, ƙirjina na bugawa kamar ana daka, ƙafafuna na rawa. Auta, ɗan shekara 13, tuni ya yi mana nisa yana tsalle daga dutse zuwa dutse kamar ɗan akuya. A nan ne na gane cewa ni da nake yi wa Baba wa'azi, hanyarsa nake bi: daga ɗakin kwana zuwa aji sai na nemi abin hawa, in an tashi kuma in zauna ina latsa waya.

Mun yi niyyar kaiwa ga duwatsun nan da ake kira da sunan Yajuju da Majuju, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, ni dai a hanya na tsaya. Muka zauna a kan wani falalen dutse muka ci ƙosai da burodin da Umma ta ƙunsa mana. Ga Jos shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano na ta walƙiya, ba ka iya cewa ga inda unguwar wane ta ƙare ta wane ta fara. Cikin hira abokina ya ce kakansa ya yi aikin haƙar kuza a wannan ƙasa. Na ce ai ni ma kuza ce ta kawo kakana Jos, amma da ya tambaye ni yaushe, kuma daga ina, sai na rasa amsa.

Da muka koma gida bayan Azahar na kai wa Baba wannan tambaya. Abin mamaki, mutumin da ya kira tafiyarmu yawon banza sai ga shi ya gyara zama. Ya ce daga ƙasar Zazzau aka kwaso mahaifinsa a zamanin ɗiban gwamna, wato aikin tilas da Turawa suka sa a ma'adinan kuza tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka sallame su bai koma ba. Ya yi lebura, ya yi lambu a gefen tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, har a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka cika gari, ya sayi sabon keke Raleigh. Da wannan keke Baba ya fara dakon kayan gwari daga lambu zuwa kasuwa, da shi ya tara kuɗin aure.

Kafin ya rufe baki Auta ya shiga ɗakin shirgi ya jawo keken, duk ƙura da yanar gizo, tayoyi sun fashe, kaca ta yi tsatsa. Ba mu nemi izini ba muka tura shi wurin mai gyaran keke na bakin titi. Ya sa sababbin tayoyi, ya jiƙa kacar a kananzir ya shafa mata baƙin mai, ya ɗaure birki, ya daidaita sirdi. Ƙararrawar kuwa ko taɓa ta bai yi ba, don lafiyarta ƙalau.

Da daddare Baba ya faɗi ainihin abin da ke ransa. Ya ce, "Ku yara ba ku san duniya ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda aka ga ya ajiye mota ya hau keke cewa za a yi ya karye. Ni kuwa manoma bashi suke ba ni kaya don sun yarda da ni." Muka yi shiru, domin maganarsa ba ta wasa ba ce, da wannan yarda muke ci muke sha. Umma ce ta ce, "Alhaji, in ka yanke jiki ka faɗi a rumfa, cikin masu maganar nan wa zai riƙe maka gidan?" Ta kuma tuna masa cewa tun ranar Sallah bai leƙa yayarsa da ke Gangare ba sai gaisuwar waya, alhali zumunci a ƙafa yake. Bai ce uffan ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Ranar Lahadi da muka dawo daga masallaci da Asuba, sai na ga Baba ya tattare ƙafar wandonsa ya ɗaure da roba. Na ruga na aro keken maƙwabcinmu, Auta ya ɗauko nasa. Da farko Baba ya yi tangal-tangal kamar zai faɗa kwata, amma kafin mu fita Unguwar Rogo ya saitu. Inda hanya ta yi tudu sai ya sauka ya tura, mu ma mu sauka, tunda likita ya ce a fara a hankali. Abin da yake gudu kuwa bai fasa faruwa ba. Muna zuwa teburin wani mai shayi sai ga abokansa na kasuwa, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, ina motar?" Baba ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya ya ce, "Tana gida. Likita ya ce ita lafiyarta lau, ni ne mara lafiyar." Aka fashe da dariya, har wani ya ce a ba shi ya ɗana.

A ƙofar gidan Goggo Baba ya kaɗa ƙararrawa. Sai ga ta ta fito da sauri ko mayafi ba ta gyara ba, ta tsaya tana kallon keken, hawaye na zubo mata. Ta ce ƙarar nan ce ke gaya musu mahaifinsu ya dawo daga lambu. Ta sa aka soya masa, da hantsi Umma da ƙannena mata suka iso da tuwo, jikokin Goggo suka yi layi ana koya musu keke a lungu. Da La'asar aka tsuge da ruwa, ya tsare mu a falo muna ta hirar da da yanzu har Magariba.

Ba zan ce hawan jinin Baba ya warke ba, har yanzu yana shan magani. Amma yakan fita da keken sau uku ko huɗu a mako, kuma babu manomin da ya hana shi kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ba lokaci ne ke hana yawancinmu ba, tsoron "me za a ce" ne. Ni kaina da na fara zuwa makaranta da keke sai da na riƙa ɓoye shi bayan aji don kada 'yan ajinmu su gani. Saboda haka 'yan uwana ɗalibai, motsi ya fi laɓewa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, amin.