Golf ko Yaris: Gardamar da Ta Tashi a Gidanmu

Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka abin yake ga mai sayen mota ta hannu, domin babu wadda za ta zo ba tare da ciwonta ba. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya zaɓi irin ciwon da aljihunsa zai iya jinya. Wannan magana ce ta raba kan gidanmu a hutun da ya wuce, na kuwa ga ya dace in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai.

Yayata malamar firamare ce. Shekara uku tana zubin adashi, ta haɗa da kuɗin 'yan kunnenta na gwal, don ta huta da jiran a-daidaita-sahu kullum safiya. Dillali ya kawo mata motoci biyu, dukansu masu shan fetur, irin gajerun nan da ake ɗaga ƙofar bayansu sama. Ɗaya Volkswagen Golf 3 ce, ɗaya kuma Toyota Yaris ta farkon fitowa. Da yake ni ne ɗan jami'a a gidan, sai aka ɗora mini aikin bincike, kamar dai mai nazarin Hausa ya san abin da ke cikin inji!

To, ga abin da na samo. Golf 3 ta fito a 1991, ta kuma ci kambin motar shekara ta Turai a 1992. Yaris ta fito a 1999, ta gaji Starlet, ita ma ta ci wannan kambi a 2000. Watau kowace ta yi tashe a zamaninta, sai dai Golf ta girme ta nesa. Wadda aka kawo mana injinta lita 1.8 ne, na Yaris kuwa lita 1.0. Golf ta fi faɗi, ta fi nauyi, ta fi ɗaukar kaya. Yaris ta fi tsimin mai, kuma sarƙa ce ke daidaita tafiyar injinta, alhali ta Golf bel ne wanda dole a riƙa sake shi kafin ya tsinke.

Kawunmu, wanda ya daɗe yana tuƙin haya, ya tsaya kai da fata a kan Golf. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce babu garin da za ka shiga a Arewa ka rasa bakaniken da ya san cikinta, domin 'yan haya sun riƙe ta shekara da shekaru. Kayan gyaranta kuwa ga su nan jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Ya ce mota ba ranar saye ake sanin tsadarta ba, sai ranar da ta tsaya maka a daji.

Ita kuwa Yaya ta kawo lissafin mai. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Ta ce, "Kawu, gyara sai jifa-jifa, amma gidan mai kowane mako ne. Kuma ni ba daji zan shiga ba, daga gida sai makaranta."

Da na saurari kowa da kyau, sai na gane ashe gardamar ta wuce inji. Kawu yana hangen buhunan masara daga ƙauye, da 'yan biki, da mai naƙuda cikin dare. A idonsa motar gida za a saya. Yaya kuwa ta san idan motar ta yi girma, to makullin zai bar jakarta ya koma yawo hannu-hannu, a dawo mata da tanki wayam, ba kuwa za ta iya buɗe baki ta tambayi manya kuɗin mai ba. A al'adarmu abin ɗaya na kowa ne, wannan kuwa kyakkyawar ɗabi'a ce. Amma jama'a, wa ke biyan kuɗin wannan zumunci? Sau da yawa mai ƙaramin albashi ne, wanda kunya ta ɗaure masa harshe.

Da aka nemi ra'ayina, na goyi bayan Yaris, bisa sharaɗi uku. A kai ta wurin bakaniken da muka zaɓa da kanmu, ba na dillali ba. A leƙa ƙarƙashinta a duba tsatsa, domin a Turai gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, shi kuwa cin ƙarfe yake yi. Sa'an nan a gwama lambar jikinta da ta takardun kwastan. Baba ya yi shiru, can ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuɗinta ne, a bar ta ta zaɓa."

Yaris ɗin aka saya. Har yanzu Kawu yana kiranta gwangwanin madara, amma ran Juma'ar da ta wuce a cikinta aka kai shi ɗaurin aure, shi ya kuma zuba mata lita biyar ba tare da an roƙe shi ba. Mu da ke shirin kama aiki nan gaba, kafin mu tambayi dillali nawa ne, mu fara tambayar kanmu wa zai hau, ina za a je, wa kuma zai sayi mai. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, amin.