Littafin da Yayana Yake Zuwa da Shi Asibiti



Idan aka tambayi 'yan ajinmu me suke so su zama, da yawa za su ce likita. Ni ma ina cikinsu. Mun san ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, sannan a rubuta Turanci, Biology, Chemistry da Physics a JAMB. Daga nan sai shekara 6 a jami'a, da shekara 1 ta horon aiki a asibiti kafin hukumar MDCN ta ba mutum cikakken lasisi. Amma akwai abin da ba a cika faɗa mana ba, ni ma a gidanmu na san shi.

Yayana yana karatun likita. Yana da wani littafi da suke kira logbuk, kuma ya fi kula da shi fiye da wayarsa. Duk abin da ya kalla ko ya taimaka aka yi a asibiti, kamar karɓar haihuwa, ɗinkin rauni ko ƙarin ruwa, sai ya rubuta kwanan wata da abin da aka yi. Likitan da yake koya masa kuma ya sa hannu. Ya ce idan babu sa hannu, ba a ƙirga aikin ko da ya yini a tsaye.

Bara abu ya same shi. Ya yi makonni yana bin wani likita a wani asibiti, yana cewa zai karɓi sa hannun gaba ɗaya a ƙarshe. Kafin lokacin, aka yi wa likitan canjin wurin aiki. Wani abokinsa ya ce ai abu ne mai sauƙi, shi zai kwaikwayi sa hannun, ba wanda zai gane.

Da maganar ta zo kunnen Baba, sai ya tambaye shi: "Idan Innarku ce a kwance, za ka yarda mai littafin ƙarya ya taɓa ta?" Yaya ya ce, "Baba, ai na ga aikin da idona." Baba ya ce, "Na yarda. To wanda bai gani ba fa, idan shi ma ya yi haka, wa zai bambanta ku?" Yaya ya koma ya maimaita makonnin nan a lokacin hutu. Mun ji rashinsa sosai, amma ya dawo da sa hannu na gaskiya.

Wannan ya tuna mini da bikin kamun kifi na Argungu. Masunci ba ya fitowa daga Matan Fada ya ce kifinsa ya fi na kowa a ba shi kyauta. Sai an ɗora a sikeli kowa ya gani. Idan kifi ma sai an auna, ina ga mai kula da ran mutum?

Yaya ya ce a Amurka tun kafin a shiga makarantar likita, masu nema suna bin likitoci suna kallon aiki, su rubuta yawan awannin da suka yi da wurin da suka yi su, domin ana iya bincikawa.

Ni shekarata 13, ba za a bar ni in shiga ɗakin majinyata ba. Amma na sayi littafi mai shafi 40. Idan na raka Kaka awon hawan jini, ina rubuta ranar da abin da na koya. Ba na rubuta sunan kowa, domin ciwon mutum sirrinsa ne.

Roƙona ga shugaban makaranta shi ne a gayyato mana likita ko nas daga Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Birnin Kebbi, su zo da logbuk mu gani, mu yi musu tambayoyi. Ku kuma 'yan uwana, ku rubuta abin da kuka koya a ranar da kuka koya shi, kada ku bari sai gobe.

Daga 'yar JSS 2, unguwar Nasarawa