Yaɓen Ɗakin Gwaggo

A Maƙarfi na tashi, a gidan da ake girmama sana'ar gini. Kowace shekara, da an gama girbi, mahaifinmu yakan tara mu mu cuɗa ƙasa da ciyawa, mu yaɓe bango, mu shafe soro da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A wancan lokaci wahala kawai na ɗauki aikin.

Ban gane hikimarsa ba sai a hunturun 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur, itace da gawayi suka yi tsada. Na ziyarci gwaggona a Hunƙuyi, ta ƙaramar hukumar Kudan, na tarar da ita cikin ɗakin kwano maras silin, bango duk ya tsattsage. Kuɗin cefanenta a itacen jin ɗumi yake ƙarewa, ga tari saboda hayaƙi.

Sai na kira gayyar 'yan'uwa daga Ikara. Muka liƙe tsagogin, muka ƙara wa bangon kauri, muka ɗaura asabari ƙarƙashin kwano, muka gyara ƙyaure. Bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana, ya riƙa sakinsa cikin dare. Kwano kuwa ba ya riƙe ɗumi. Mun dai bar 'yar taga a sama, domin gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi.

Da na koma, Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, damin itacen da yakan yi mini kwana uku, yanzu mako yake kaiwa." Ashe tattali mahaifinmu yake koya mana. Allah Ya jiƙansa.